Fitilar Cek-Injin Ta Kama: Kafin Ka Canja Komai, Karanta Lambar

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shirin a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce, kai da ba makanike ba, me ya kai ka? Gaskiya ne, ni ba makanike ba ne, abin da na karanta a jami'a ma bai haɗa hanya da sifana ba. Abin da ya kai ni shi ne abin da ya faru da yayana, kuma na tabbata a cikin masu bibiyarmu akwai wanda irinsa ya taɓa faruwa a gidansu.

Yayana yana da mota 'yar Kwatano, mai silinda huɗu, ƙirar 2008. Da ita yake haya, da ita yake ciyar da iyalinsa, da ita ake biyan kuɗin makarantar yara. Wata safiya wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, wadda aka yi wa zanen inji. Motar ta fara rawa in ta tsaya a silo, wani lokaci har ta mutu a danja. Ya kai ta gareji na farko, aka saurari ƙarar injin, aka ce fulogi ne, aka canja duka huɗun. Kwana biyu fitila ta dawo. Gareji na biyu aka ce nozul ne suka toshe, aka kwance aka wanke. Fitila ta dawo. Na uku aka ce famfon mai ne ya gaji, ya ci bashi ya saya. Fitila ta dawo. Na huɗu kuwa cewa ya yi sai dai a sauke inji.

Ranar da aka faɗa masa haka, da daddare ya zo ɗakina ya zauna ya yi shiru. Kusan sati uku ke nan motar tana yini a gareji fiye da yadda take yini a titi. Kuɗin da ya kashe sun fi cefanen gidansa na wata guda, ga bashi, ga mota ba ta gyaru ba. Ya ce min, "Ƙanena, ina ganin sayar da ita zan yi." Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Washegari wani abokina ya haɗa mu da wani matashi, bai fi shekara 23 ba, yana da 'yar rumfa a gefen wani gareji. Bai ɗauko sifana ba. Wata 'yar na'ura ya ɗauko, ya durƙusa ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe wayarsa. Ya ce, "Yaya, motarka tun sati uku take faɗin abin da ke damun ta, ba wanda ya tambaye ta ne." Abin da ya gano zan faɗa muku, amma sai mun fara fahimtar yadda abin yake, don labarin ya yi muku amfani.

Motocin zamani duk suna da ƙwaƙwalwa, wato wata ƙaramar kwamfuta da makanikai ke kira birenbos. Tana karɓar bayani daga sensa-sensa da aka dasa a jikin inji: wata tana auna iskar da ke shiga, wata zafin ruwan inji, wata juyawar karanshaf, wata kuma iskar oksijin da ta rage a hayaƙin da ke fita ta salansa. Da wannan bayanin take yanke yawan fetur ɗin da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Abin da take nema a injin fetur shi ne kusan awo 14.7 na iska a kan awo 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Idan ta ga wani karatu ya fita daga inda ya kamata ya tsaya, sai ta ajiye lamba a cikinta, ta kunna wannan fitilar.

Tsarin sunansa OBD-II. Asalinsa daga Amurka ne, kuma ba don a sauƙaƙa wa makanike aka fara shi ba, don yaƙi da gurɓatar iska ne, jihar Kalifoniya ce ta ja gaba. Daga ƙirar 1996, duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da shi. Tarayyar Turai ta bi baya da nata mai suna EOBD, motocin fetur daga 2001, na dizal daga wajen 2004. To ku duba, motocin da ke titunanmu mafi yawansu daga can suka fito, sun yi aiki a can kafin a kawo mana. Ma'ana kusan duk motar da kuke gani a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, in dai ba tsohuwa ce tukuf ba, tana da wannan soket ɗin mai rami 16, galibi a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba.

Yanzu lambar kanta. Harafi ɗaya ne da alƙaluma huɗu, kamar P0302. Harafin farko yana gaya maka unguwar da matsalar take. P inji da giya, B jikin mota kamar jakar iska da ta'ammalin cikin gida, C ƙafafu kamar burkin ABS, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Alƙalami na farko in 0 ne, lambar gama-gari ce, ma'anarta ɗaya a kowace mota. In 1 ne, ta kamfanin da ya ƙera motar ce, sai ka nemi ma'anarta da sunan motar, kar ka ɗauki ta wata ka ɗora wa taka. Alƙalami na biyu yana ƙara matso da kai: 1 da 2 harkar mai da iska, 3 harkar wuta da misin, 4 na'urorin rage hayaƙi, 5 gudu da silo, 6 ita kanta kwamfutar da abin da take aikawa, 7 giya. Biyun ƙarshe su ne takamaiman laifin. Don haka P0302 na nufin inji, gama-gari, misin, silinda ta biyu. Kun ga ba tsafi ba ne.

Ga babbar maganar yau, in kun manta komai ku riƙe wannan. Lamba ba ta cewa "canja kaza". Lamba tana cewa "na ga abu ba daidai ba a wuri kaza". Kamar ka je asibiti ne a auna ka a ce jikinka da zafi. Zafin jiki alama ce, maleriya na kawo shi, taifod na kawo shi, ciwon haƙori ma na kawo shi. Likitan da ya ji zafi kawai ya rubuta magani bai gama aikinsa ba. Haka makaniken da ya ga sunan sensa a lamba ya ce a sayo sabuwa. Sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa, laifin yana wani wuri. Wani lokaci waya ce ɓera ya ci, wani lokaci soket ne ya yi tsatsa.

Mu koma kan motar yayana. Lambobi biyu suka fito: P0171 da P0300. Ta farko tana nufin iska ta yi wa mai yawa a cakuɗin. Ta biyu tana nufin misin da ba ya tsayawa a silinda ɗaya. Matashin nan bai goge su ba. Ya fara buɗe wani shafi da ke nuna halin da injin yake ciki a daidai lokacin da lambar ta faɗa, kamar hoton da kwamfutar ta ɗauka ta ajiye: inji ya ɗau zafi, mota a tsaye, a silo. Daga nan ya tayar da motar, ya duba yawan man da kwamfutar ke ƙarawa don ta cike gibi. A lafiyayyen inji wannan gyaran yakan tsaya kusa da sifili, bai cika wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Na motar yayana ya haura 20 a silo. Sai ya taka totur, injin ya kai juyi 2,500 a minti, muna kallo lambar ta sauko kusa da daidai.

Ya juyo ya ce, "Da famfon mai ne ya gaza, da in na taka totur abin ƙaruwa zai yi, don lokacin ne inji ya fi buƙatar mai. Tunda a silo ya fi muni, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya." Bayanin shi ne, a silo iskar da inji ke sha kaɗan ce, don haka 'yar ɓula ƙarama tana da tasiri babba. In an taka totur iska ta yi yawa, ta ɓular ba ta zama komai ba. Ya buɗe bonet, ya bi babban tiyon robar da ke kai iska daga matata zuwa inji, ya lanƙwasa shi da hannu. A ƙasansa, cikin lanƙwasar, ga tsaga ta kai tsawon ɗan yatsa. Tsagar tana bayan sensar da ke auna iska, don haka iskar da ke bi ta nan kwamfuta ba ta ƙirga ta. Zafi da tsufa sun busar da robar. Aka je kasuwa aka sayo tiyo, kuɗinsa bai kai rubu'in na famfon man da aka saya a banza ba. Aka ɗaura, aka goge lamba, aka zaga gari. Har yau fitilar ba ta dawo ba.

Bari in ba ku wasu lambobin da za ku fi cin karo da su, da abin da ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi.

P0301 zuwa P0304, a mota mai silinda huɗu, misin ne a silindar da lambar ƙarshe ta nuna. A motocin da kowace silinda ke da koyil ɗinta akwai gwaji na kyauta. A ce P0302 ce ta fito. A cire koyil ɗin silinda ta biyu a musanya da na ta uku, a goge lamba, a tayar. In ta koma P0303, laifin ya bi koyil, shi za a canja, guda ɗaya, ba huɗu ba. In ta tsaya a P0302, a musanya fulogi haka nan. In har yanzu tana nan, sai a duba nozul, sannan a auna matsin silindar. Daga mai sauƙi ake farawa zuwa mai tsada.

P0420 tana cewa matatar hayaƙi, wadda muke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake sace ta, shi ya sa kuma wasu ke ba ka shawarar a fasa a cire, su kuma su sayar. Kafin ka yarda ta mutu, a duba ko salansa na yoyo, a duba sensar da ke bayanta. In kuma ta mutu da gaske, ka tambayi me ya kashe ta, don yawanci misin da aka daɗe ana tafiya da shi ne, ko injin da ke shan baƙin mai. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma haka za ta bi.

P0128 tana cewa inji ba ya kai zafin da ya kamata. A wajenmu sanadin sananne ne: an cire tamostat. Akwai wannan al'adar ta cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu, a cire a haɗa fanka kai tsaye. Amma inji an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos. In ya zauna ƙasa da haka, kwamfuta tana ɗauka har yanzu bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa yake da man da zai ƙona a banza? In mota tana obahitin, a nemi dalilin: lagireto ya toshe, fanka ba ta tashi, famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ya maƙale a canja shi da sabo.

P0455 da P0442 yoyon tururin fetur ne daga tanki, babba da ƙarami. Abu na farko da za ka duba murfin tanki ne. Wani lokaci a gidan mai ne ba a ɗaure shi da kyau ba, ko robar bakinsa ta tsage. P0101 kuma ta shafi sensar auna iska, kuma da ƙurar hunturu irin tamu ba abin mamaki ba ne ta yi datti. A canja matatar iska, a wanke sensar da feshin da aka yi dominta. Kar a sa mata fetur, kar a taɓa siririyar wayar cikinta da hannu ko tsinke. P0335 ta sensar karanshaf ce, ita ce takan sa mota ta yi ta kik ba ta tashi, ko ta mutu in ta ɗau zafi. In kuma ka ga lambobi barkatai sun fito lokaci guda, musamman masu U, ka fara da batir. Lafiyayyen batir cikakke yana ba da wajen bolt 12.6 in mota a kashe take, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Raunin wuta ko sakakken kan batir yana rikita kwamfuta ta yi ta ƙorafin da ba shi ne ba.

Sai maganar ita fitilar. In ta kama ta tsaya cak, kuma mota tana tafiya daidai, ba sai ka tsaya a tsakiyar titi ba, amma ka kai a duba cikin 'yan kwanaki. In tana ƙiftawa kuwa, wannan gargaɗi ne mai ƙarfi: misin ya yi tsanani, ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana ƙona indomi. Ka rage gudu, ka nemi wuri ka tsaya. Kuma kar ku haɗa ta da jajayen fitilu. Jar fitilar baƙin mai, mai kama da buta, ko ta zafin inji, in suka kama kana tafiya, ka faka ka kashe mota nan take, don minti kaɗan ya isa inji ya tafi. Kuma don Allah kar wanda ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare: a cire kan batir na ɗan lokaci a mayar, fitila ta mutu, a ce an gyara. Ba a gyara komai ba, bakin mai ƙara aka toshe. Ƙari ma, an goge wancan hoton da kwamfuta ta ajiye, wanda shi ne zai taimaki mai gyara. Don haka in za a sa motarka a kwamfuta, ka ce a nuna maka allon, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge. Haƙƙinka ne, motarka ce, kuɗinka ne. Ka yi tambayoyi uku: wace lamba ce ta fito, wane gwaji aka yi da ya tabbatar wannan kayan ne ya lalace, kuma in an canja bai gyaru ba, yaya za mu yi? Makaniken kirki ba zai ji haushin waɗannan ba. Ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire.

Masu shirin sayen mota, ku matso. Kafin ka tayar da ita, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Dole fitilar cek-injin ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwan ko an liƙe shi. Sannan ka sa sikana. Ko babu lamba ko ɗaya, akwai shafin da ke nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta. Duk lokacin da aka goge lambobi, waɗannan gwaje-gwajen suna komawa farko, sai an yi tafiya mai ɗan tsawo kafin su cika. In ka ga yawancinsu ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai ka tambayi dalili. Gani ya kori ji.

Ita na'urar ba wata tsada ce da ita ba. Ƙananan nan da aka fi sani da ELM327 suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, a yi amfani da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Suna karanta lambobin inji da karatun sensa kai tsaye. Amma ku san iyakarsu: galibi ba sa shiga ABS da jakar iska da sauran lungunan da sai babbar na'ura, kuma akwai jabu da yawa a kasuwa. Mallakar ta ba ta mai da kai makanike ba, kamar yadda mallakar ma'aunin zafi ba ta mai da kai likita ba. Amfaninta shi ne ka shiga gareji da idonka a buɗe.

Kafin in rufe, ba na so a ɗauka zagin iyayenmu makanikai na zo yi. Waɗannan mutane sun riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru da kunne da hannu da basira, a zamanin kafireto, kuma har gobe akwai abin da suka sani wanda babu na'urar da za ta faɗa maka. Motar ce ta canja a hannunsu, ba wanda ya zo ya koya musu sabon yarenta. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke ƙarƙashinsu. Yaro ya shekara biyar, bakwai a gareji, an cire shi daga makaranta, ba ya iya karanta abin da allon sikana ya rubuta. Ranar da za a yaye shi, motocin da ya koya sun ƙare a titi. A ɗaya gefen kuma ga mu, masu digiri, muna yawo da takardu a ambulan, muna iya karanta Turancin amma muna ƙyamar baƙin mai ya taɓa mana riga. Matashin da ya gyara motar yayana sakandare kawai ya gama, sauran a waya ya koya da daddare, ya haɗa da abin da ubangidansa ya koya masa da rana. Yanzu manyan garejin ne ke aiko masa da mota.

Don haka ga roƙona. In kana da ƙane a gareji, ka zauna da shi ko awa ɗaya a sati, ku buɗe lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, kai ka fassara masa, shi ya nuna maka inda abin yake a jikin inji. Ku duka za ku ƙaru. In kai ne mai garejin, ka bar yaranka su je makaranta ko ta yamma ce. In kuma kana zaune ba aiki, ga fage nan a buɗe, ka je ka durƙusa ka koya, ba faɗuwa ba ce.

Yayana dai bai sayar da motarsa ba. Ya gama biyan bashin famfon man, tsohon famfon kuma yana nan a but, lafiyarsa ƙalau, ya ce ya ajiye shi ne don tunawa.

A nan za mu dakata. Wanda fitilarsa ke kunne yanzu haka, ya je a karanta masa lambar, ya ɗauki hotonta kafin a goge. Wanda kuma ya san wani direba ko makanike da wannan zai amfana, ya tura masa, in ba ya karatu ya karanta masa.